Dutse Mai Aman Wuta da Masu Nazarinsa: Ina 'Ya'yanmu?

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



Sa'ad da kwamitin ilimi ya aiko mana da takardar gayyata, ya bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, muddin dai ya shafi makomar yaranmu. Da muka ce za mu tattauna ne a kan dutse mai aman wuta da mutanen da suka mayar da nazarinsa sana'a, sai wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu babban ma'aikaci ne a Abuja, ya bugo waya yana dariya, ya ce, "Malam, ina ruwan biri da gada? Mu da daga Sifawa har Kajiji ba mu da dutsen da zai gagari akuya hawa?" Muka ce masa ya yi haƙuri ya halarci taron. Ga shi can muna hangensa a sahu na biyu, saboda haka wannan jawabi amsa ce gare shi, ku kuma ku zama shaidu.

Gaskiyarsa ta farko ba za mu musa ba. Babu dutse mai aman wuta a ƙasar Boɗinga ko ta Shagari, kuma babu alamar an taɓa yinsa. Masana sun tabbatar da cewa wannan shimfiɗa da muke noma a kai, tun daga Sakkwato har cikin Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin teku take a wani zamani mai nisa. Farar ƙasar da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, ragowar halittun wannan teku ce da suka taru suka daskare, a lissafin masana kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa wadda har aka raɗa mata suna da sunan garin. Littattafan ilimin duwatsu na duniya suna ɗauke da sunayen Dange, Wurno, Dukamaje, Kalambaina da Gwandu a matsayin sunayen shimfiɗun ƙasa. Abin tambaya shi ne, su wa suka yi wannan bincike, suka rubuta waɗannan littattafai? Turawa ne suka fara, sannan 'yan'uwanmu na kudu irin su Farfesa Cornelius Kogbe suka ɗora. Muna gode masu. Amma dai mai ɗaki shi ya kamata ya san inda yake masa yoyo.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a shekarun 1970, abin da aka koya mana game da wannan dutse bai wuce zane guda a littafin labarin ƙasa ba: tudu mai tsini, hayaƙi na fita ta ƙoƙon kansa. Haka muka riƙa zana wa yara a allo shekara da shekaru, mu da su duka muna ɗauka wani abu ne na ƙasashen Turawa. Ranar da muka gane kurenmu ita ce a ƙarshen watan Agusta na 1986, muna ƙananan malamai, mun kewaye rediyo da yamma a ƙofar gidan hedimasta, aka ba da labarin cewa a wasu ƙauyuka na ƙasar Kamaru mutane sun kwanta barci ba su tashi ba. Babu yaƙi, babu annoba, babu gobara. Gidaje na tsaye, hatsi na cikin rumbu, amma mutum da saniya da kaza, kai har ƙuda, duk sun mutu.

Abin da ya faru shi ne, akwai wani tafki mai suna Nyos a arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakarmu ta wajen Taraba da Binuwai. Tafkin yana zaune ne a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. Dutsen ya daɗe da daina aman wuta, amma daga can ƙarƙashinsa wata iska mai suna kabon dayokzaid ba ta daina tsattsafowa ba, tana narkewa cikin ruwan da ke gindin tafkin, nauyin ruwan sama ya danne ta. Duk wanda ya taɓa girgiza kwalbar lemo ya buɗe marfin ya san ƙarshen wannan labari. A daren Alhamis, 21 ga Agusta, 1986, wani abu ya motsa ruwan, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kuma ba ta da launi, sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ruwan ambaliya, ta bi ƙauyukan Nyos, Cha da Subum, ta kai nisan kusan kilomita 25. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Waɗanda suka tsira galibi waɗanda suke kan tuddai ne.

Wannan iska ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dattawanmu masu haƙar rijiya, kafin su shiga tsohuwar rijiya yasa, sukan ɗaura fitila a igiya su zura. In wutar ta mutu kafin ta kai ƙasa, babu mai shiga. Wasu su ce rijiyar tana da aljanu, amma gwajin nasu daidai yake, domin inda wuta ba ta ci, mutum ma ba ya numfashi. Mun san gidajen da aka yi zaman makoki a wannan yanki saboda wani matashi ya raina wannan gwaji, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, aka fito da gawa biyu. Abin da ya auku a Nyos shi ne wannan, sai dai rijiyar ta kai girman gari.

Abin baƙin ciki, shekara biyu kafin nan, a watan Agusta na 1984, wani tafkin mai suna Monoun a Kamarun ya yi irin haka, ya kashe mutum 37. Wani masani ɗan ƙasar Aisilan, Haraldur Sigurdsson, ya je ya ɗebo ruwan gindin tafkin, ya gano cewa iska ce ta yi ɓarnar. Da yawa daga abokan aikinsa ba su gaskata shi ba sai da Nyos ta faru. Daga baya masana daga Faransa, Japan, Amurka da Kamaru suka haɗa kai suka samo dabara mai sauƙin gaske. A shekarar 2001 suka zura dogon bututu daga saman tafkin zuwa gindinsa, ruwan ƙasa ya riƙa hawowa da kansa yana feshi sama, iskar na fita kaɗan-kaɗan ba tare da cutar da kowa ba. A 2011 aka ƙara bututu biyu. Ba su kashe dutsen ba, ba su da ikon haka. Sun dai sassauta marfin kwalbar.

Ina Nijeriya a cikin wannan? Bangon da ya tare ruwan tafkin Nyos ta gefe guda ba dutse ne mai ƙwari ba, tarin toka ne da tsakuwar aman wuta, kuma masana sun yi gargaɗin cewa in ya ɓalle, ruwan zai biyo kwari ya faɗo kogin Katsina-Ala, ya shafe garuruwa a Taraba da Binuwai. Wannan gargaɗi yana daga cikin manyan dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda aka haɗa mata da injinan wutar lantarki na megawat 40. Wato dukiyar ƙasarmu mai ɗimbin yawa an kashe ta bisa maganar masu nazarin dutse mai aman wuta. To, Alhaji na sahu na biyu, ka ga ruwan biri da gada.

Kuma kada a ɗauka a cikin gida ba mu da su. Tudun Biu a Jihar Borno cike yake da tsofaffin bakunan aman wuta masu yawa, tafkin Tila ma a cikin ɗayansu yake. A Jihar Filato, wajen Panyam da Kerang a ƙasar Mangu, suna nan a jere, kowa na iya ganinsu daga bakin hanya, kuma albarkar ƙasar da ake noman dankalin Turawa a can tana da nasaba da wannan baƙin dutse da ya ruɓe ya zama ƙasar noma. A ƙasar Hausa kanta, duwatsun Riruwai a kudancin Jihar Kano saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ce wanda zamani ya cinye samansa, kuma dalilinsa ne aka sami kuzar da kakanni suka riƙa narkawa a can tun kafin zuwan Turawa. Irin waɗannan duwatsu sun yi jerin gwano daga Azbin, ta Damagaram, har zuwa Jos. Waɗannan na jerin gwanon sun mutu murus. Na Biu da na Mangu kuwa, a ma'aunin shekarun ƙasa, jiya-jiya suka yi shiru, kuma masana ba su saurin rubuta wa irinsu takardar mutuwa. A watan Nuwamba na 2025 wani dutse a Habasha mai suna Hayli Gubbi, wanda babu wani tarihin ɗan Adam da ya ambaci amansa, ya tashi ya turnuƙe sama da toka, har ta hana jirage tashi a Indiya.

Yanzu bari mu dubi yadda waɗannan mutane suke aikinsu, domin nan ne zancen sana'a ya shigo.

Can cikin ƙasa akwai zafi mai tsanani, har a wasu wurare dutse yakan narke. Narkakken dutse ya fi na kewayensa sauƙin nauyi, saboda haka yakan nemi hanyar hawowa, ɗauke da iska iri-iri a cikinsa. Zafinsa yakan kai digiri 1,000 zuwa 1,200. Iyayenmu mata da ke wannan zaure sun fi mu sanin abin da ke biyo baya. Talge mai ruwa-ruwa yana tafasa salin-alin, tururi na fita ba gardama. Amma da an zuba gari ya yi kauri, sai ya riƙa kumbura yana fashewa yana fallatsa wa mai tuƙi a hannu. Haka dutse yake. Wanda narkakkensa ke da ruwa-ruwa, irin na tsibirin Hawai, malala yake yi kamar kogi. Wanda nasa ke da kauri, irin na Indunisiya da Filifin, riƙe iskar yake yi har ta fi ƙarfinsa, sannan ya tarwatse. Aikin farko na masani shi ne ya san wace irin tukunya ce a gabansa.

Daga nan sai ya zama kamar likita a gaban majinyaci. Likita yakan fara da sauraron ƙirji. Narkakken dutse ba ya hawowa a ɓoye, sai ya fasa duwatsun da ke kan hanyarsa, kowace fashewa kuwa ƙaramar girgizar ƙasa ce, mafi yawa ƙafar mutum ba ta jin su. Sai a binne na'urorin auna girgiza a kewayen dutsen, suna aika saƙo dare da rana zuwa kwamfuta. Ta hanyar kwatanta lokacin da motsin ya isa kowace na'ura, da lissafi kawai, ake gane daidai inda ya faru da zurfinsa. In jiya ana jin motsi a zurfin kilomita 10, yau a 5, to abu na tahowa. Bayan sauraro sai duba kumburi, domin dutsen da ya cika yakan kumbura kamar maruru, ko da da faɗin yatsa ne. A da sai an hau da ma'auni a hannu. Yanzu tauraron ɗan Adam yana ɗaukar hoton wuri guda sau biyu, a gwama, a ga inda ƙasa ta ɗaga da 'yan santimita, mutum na zaune a ofis a wata nahiya.

Sai gwajin numfashin dutsen, wato iskar da yake fitarwa, musamman mai warin farar wuta. Misalin da ake koyarwa a ko'ina shi ne na dutsen Pinatubo a ƙasar Filifin a 1991. Dutsen ya yi kimanin shekara 500 yana barci, mutane sun yi gonaki da gidaje a jikinsa. Da ya fara motsi, masanan ƙasar da takwarorinsu na Amurka suka riƙa auna wannan iska. A tsakiyar watan Mayu yana fitar da tan 500 a yini, kafin ƙarshen watan ya kai tan 5,000, sai kuma kwatsam ya ragu ƙwarai. Wanda bai sani ba zai ce an sami sauƙi. Su kuwa suka fahimci cewa maƙogwaron dutsen ne ya toshe, iskar na taruwa a ciki. Suka matsa wa hukuma lamba aka kwashe dubun-dubatar mutane. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya fashe, fashewa ta biyu mafi girma a ƙarni na 20, har tokarsa da hayaƙinsa suka rage zafin duniya baki ɗaya da kusan rabin digiri na wani lokaci. An yi asarar rayuka ɗaruruwa, amma da ba a saurari masana ba da dubbai za a ƙirga.

Likita kuma yakan tambayi tarihin ciwo. Masani yakan yi makonni yana yawo da guduma da jaka a kwazazzabai, yana karanta shimfiɗun toka ɗaya bisa ɗaya kamar shafukan littafi, ya kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje a gano shekarunsa, ya zana taswirar inda wuta ta bi a da, domin inda ta bi jiya nan za ta nema gobe. A nan har littattafan malamanmu na Musulunci sun yi rana. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, wuta ta ɓullo daga ƙasa a kudu maso gabashin Madina, narkakken dutse ya malala tsawon kilomita 23, aka yi kwana 52 ana abu guda, mutane suka taru a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna tuba suna addu'a, har Allah ya tsayar da shi kafin ya iso gari. Malaman tarihi irin su Abu Shama, da Ibn Kasir, da Samhudi sun rubuta labarin, kuma sun ambaci cewa an yi kwanaki ana jin girgizar ƙasa kafin wutar ta fito. Masanan yau suna dogara da wannan rubutu wajen nazarin baƙaƙen duwatsun da alhazanmu ke gani a kewayen Madina. A shekarar 2009, da ƙasa ta riƙa girgiza sau dubbai a yankin Al-Ais, arewa maso yammacin Madina, har ta tsage tsawon kilomita 8, hukumomin Saudiyya sun kwashe mutane wajen 40,000 bisa shawarar masanansu. Wutar ba ta fito ba a wannan karon, mutane suka koma gidajensu.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da mukan ji daga wasu iyaye, cewa irin wannan karatu shisshigi ne cikin ilimin gaibu. Mu dai ba malaman fatawa ba ne, ga su nan zaune, su gyara mana in mun kauce. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta juya, ya ce a kwashe shanya, ba gaibu ya sani ba, alama ya karanta. Masanin dutse ma bai taɓa iya cewa ranar kaza da ƙarfe kaza ba. Iyakarsa ya ce alamu sun yi yawa, a matsa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci, kamar a Al-Ais, abin ya lafa a ce ya tayar wa mutane da hankali a banza.

A ganinmu nan ne ma mafi wuyar aikin yake, wato shawo kan mutane da mahukunta. A ƙasar Kolombiya, a watan Oktoba na 1985, masana sun fitar da taswira da ta nuna cewa in dutsen Ruiz ya yi aman wuta, ƙanƙarar da ke kansa za ta narke, laka ta gangaro ta binne garin Armero. Aka ce suna firgita jama'a, suna karya darajar filaye. Daren 13 ga Nuwamba abin ya faru yadda suka zana. Lakar ta ɗauki fiye da awa biyu kafin ta iso, lokacin da ya ishi mutum ya taka zuwa tudu, amma mutum wajen 23,000 suka halaka. A nan Afirka kuwa, birnin Goma na Kwango yana gindin dutsen Nyiragongo, wanda a Janairun 2002 ya aiko da kogin wuta ta tsakiyar gari har ya ci wani ɓangare na filin jirgin sama. Akwai cibiyar sa ido a can, ma'aikatanta 'yan ƙasa ne, amma kafin dutsen ya sake tashi a watan Mayu na 2021, kuɗin tallafin da take samu daga waje ya yanke, har biyan kuɗin intanet da man mota ya zama matsala. Ilimi da na'ura ba su wadatar in babu mai riƙe su, in kuma babu ɗan gari da jama'a suka yarda da shi wanda zai faɗa masu da harshensu.

Aikin yana da haɗari, ba za mu ɓoye wa iyaye ba. Wasu ma'aurata Faransawa, Maurice da Katia Krafft, waɗanda suka shafe rayuwarsu suna ɗaukar hotunan aman wuta domin wayar da kan mahukunta, sun mutu a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni, 1991, tare da wasu mutum 41. Sai dai mafi yawan masu wannan aiki a yau suna gaban kwamfuta ne ko cikin ɗakin gwaje-gwaje, wurin da ya yi haɗari kuma jirgi marar matuƙi ake turawa. Mata suna cikinsa sosai, kada a ce na maza ne kawai.

To, yaron Dingyaɗi ko yarinyar Dandin Mahe da ke sha'awar wannan, ta ina za su bi? Hanyar tana farawa ne daga aji huɗu na sakandare, ranar da aka raba yara tsakanin kimiyya da sauran fannoni. Sai an sami kyakkyawan sakamako a lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci. Daga nan digirin farko a jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ma'adinai, ko kuma a fiziks na ƙasa. Ana koyar da jiyoloji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan kusa da mu, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Jos, da ta Maiduguri. Ƙwarewa a kan aman wuta kanta sai a digiri na biyu da na uku, galibi a waje: Italiya, inda aka kafa cibiyar sa ido ta farko a duniya a jikin dutsen Besubiyas a 1841, ko Japan, ko Amurka, ko Aisilan, ko ma Jami'ar Buea da ke gindin Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Guraben aiki masu sunan masanin aman wuta kaɗan ne a duniya, a Nijeriya kuwa kusan babu, in ban da koyarwa da bincike a jami'a. In muka tura yara goma, mai yiwuwa ɗaya ne zai ƙare a bakin dutse. Amma sauran taran ba su yi asara ba, kuma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu. Na'urar da ke sauraron cikin dutse, 'yar'uwarta ce ake nemo man fetur da ita. Ita ce kuma Cibiyar Toro ta Jihar Bauchi da Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, wadda asalinta ke komawa ga 1919, suke amfani da ita wajen bin diddigin motsin ƙasa, irin wanda ya firgita mutanen Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018, wasunku ma suna can a lokacin. Wanda ya iya gwada iskar dutse da ruwan tafki, shi ne zai iya gwada ƙasar ƙauye ya ce akwai guba. Da akwai irinsu a kusa, ana kuma jin maganarsu, da wataƙila gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ba ta kai haka ba. Ƙasar Kenya kuwa ta mayar da zafin duwatsunta wutar lantarki, fiye da kashi ɗaya bisa uku na wutar ƙasar daga tururin ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma 'ya'yanta ne ke gudanar da aikin.

Mu sauko gida. Akwai sinadarin takin zamani kwance a ƙasar maƙwabtanmu na Dange da Shuni. Akwai farar ƙasa. Akwai ruwa a ƙarƙashinmu, a wani wuri kusa, a wani wuri nesa, a wani wuri mai daɗi, a wani wuri mai gishiri. Muna hedimasta a wata makaranta aka kawo mana aikin rijiyar burtsatse. Ɗan kwangila ya zo da motarsa, ya dubi inda ya fi masa sauƙin juyawa, ya kafa inji. Aka yi kwanaki ana haƙa, aka kafa famfo, aka yi biki har da ɗaukar hoto. Kafin bazara ta ƙare famfon ya zama turken awaki, yara suka koma jan guga. Da aka kawo mai awo daga baya, yini guda ya yi da wayoyinsa da turakunsa na ƙarfe, ya nuna wani wuri da bai kai taki 200 daga na farkon ba. Wannan ta biyun tana ba da ruwa har muka bar makarantar. Mai awon daga wata jiha mai nisa aka ɗauko shi, kuɗin motarsa da masaukinsa sun kusa kai ladan aikinsa.

Abin kunya ne a ce ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a cikinta a Sifawa yana karantarwa, Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga yana wallafa, ta rasa masu irin wannan ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri ne da bayanin ƙasashe da al'ummominsu. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin duniya ta san shi da siyasa, malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san labarin ƙasarsu a sauƙaƙe. Ba baƙon abu muke kira gare shi ba.

Mun duba jerin ɗaliban da wannan ƙungiya ta tallafa wa a shekarun baya. Likitanci, lauya, akanta, aikin gwamnati. Duka suna da kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu. Amma ba mu ga mai karatun ƙasa ba. Laifin ba na yaran ba ne, ba a son abin da ba a taɓa ji ba. Akwai makarantun da ɗakin kimiyyarsu ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, akwai inda malami guda ke koyar da fiziks da kemistiri da lissafi alhali ba ɗaya daga ciki ya karanta ba.

Saboda haka muna roƙon shugabanni su duba abubuwa kaɗan kafin a watse. A ware gurbi biyu a cikin tallafin karatu na kowace shekara, ɗaya na namiji ɗaya na mace, ga masu karatun jiyoloji ko fiziks na ƙasa, da sharaɗin su yi binciken kammala digirinsu a kan ƙasar Boɗinga ko Shagari, su kawo wa ƙungiya kwafi. Kada ƙungiya ta sake sa kwabonta a haƙar burtsatse sai an fara yin awo an kawo rahoto a rubuce. Sannan ku da ke birane, masu motoci da sanayya, ku ɗauki nauyin kai 'yan aji huɗu ziyarar yini guda zuwa ma'aikatar siminti ta Kalambaina da sashen jiyoloji na jami'a, wanda kuma Allah ya hore masa ya kai su har Mangu su taka bakin dutse da ƙafarsu.

Mu a namu ɓangaren, tun daga shekarar Nyos muka ɗauki ɗabi'ar tsintar duwatsu duk inda tafiya ta kai mu, har iyali suna mana tsiya. Akwai baƙin dutse mai huji-huji daga Kerang, da wanda wani aboki ya kawo mana daga Biu, da ɓallin dutsen Kwatarkwashi, da farar ƙasar Kalambaina mai ɗauke da hoton ƙwanson dodon koɗi a jikinta. Kowanne mun liƙa masa takarda da sunan wurin da shekarar. Akwatin yana nan a bayan zaure, za mu miƙa shi ga sakataren kwamitin ilimi domin a riƙa zagayawa da shi makarantu, zango-zango. Alhaji na sahu na biyu kuma, tunda shi ya ja maganar, muna ganin shi ya dace ya sayi akwatin gilashin da za a zuba su.